Wa Ya Ce A Ɓoye Famfon A Ƙarƙashin Mota?

Duk injiniyan da ya zauna a ofis mai ɗumi ya zana motar gida, sannan ya ɗauki famfon zubar da ruwan dauɗa ya maƙala shi a ƙarƙashinta, dab da tayar baya, inda laka da tsakuwa da gishirin hanya suke taruwa, hukuncinsa ɗaya ne a wurina. A kai shi wani fili a arewacin Ingila cikin watan Janairu, a sa shi ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ya zura hannu cikin duhu ya murɗa abin da ya zana. Ba safar hannu, ba tocila. Wallahi kafin shekara ta zagayo an sake zane.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikinta ba, motar gida mota ce da aka gina wa ɗaki a baya: gado, murhun gas, firiji, wurin wanke-wanke, da ɗan banɗakin da ba ya cin mutum biyu. Mutanen Birtaniya da Jamus da Faransa sun mayar da ita abin tafiya hutu, wasu tsofaffin da suka yi ritaya ma sukan yi watanni a ciki. Ruwanta kashi uku ne. Akwai tankin ruwa mai tsabta. Akwai akwatin bayan gida, wanda ake zarowa ta wata 'yar ƙofa a gefe a je a juye. Sai tanki na uku, inda duk ruwan wanka da na wanke-wanke yake gangarawa. A yawancin motocin Turai yana cin lita 80 zuwa 100, wasu su fi haka. Wannan tanki ƙofar fitarsa ɗaya ce tak, ita ce famfon nan. In ya cije, gidan gaba ɗaya ya tsaya. Ko kofi ba ka isa ka wanke ba, domin da tankin ya cika ruwan zai dawo ta magudanar wurin wanka, wadda ita ce mafi ƙasa a motar, ya kwanta maka a can da warinsa.

Yanzu dubi kuɗin. Sabuwar motar gida matsakaiciya a Birtaniya yau ba wuya ta ci fam dubu 60, dubu 70, har sama. Famfon da nake magana a kai na roba ne, kuɗinsa bai kai na cika tankin dizal sau ɗaya ba. Je ka babban bajekolin da ake yi a Dusseldorf ƙarshen watan Agusta, ko na Birmingham a watan Oktoba, ka ga inda hankalin masu ƙira ya tafi. Fitilu masu sauya launi a ƙarƙashin kabad. Kujerun fata. Allon taɓawa da zai gaya maka tankin dauɗa ya kai kashi 75 cikin 100, har da ɗan hoto, amma ba shi da ta cewa a kan yadda za a zubar. 'Yan talla cikin kwat suna buɗe kabad suna rufewa don ka ji ƙofar ba ta ƙara, motoci a jere a kan kafet, babu mai durƙusawa ya leƙa ƙasa. Sun sani sarai babu mai durƙusawa, shi ya sa a can aka yi tsumulmular. Kamar maginin da ya ƙare basirarsa a zanen zaure ne, ya bar rariyar gida ƙuntatacciya a bayan turken awaki: ranar tarewa kowa na yabo, ranar ruwan farko na damina maigida ne tsugune da sanda yana zungura.

Kada a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Da yawa daga cikin waɗannan motoci a Turai a kan Fiat Ducato ake gina su, wadda ake haɗawa a Atessa ta ƙasar Italiya, wasu kuma a kan Ford Transit ko Mercedes Sprinter. Daga can kan mota da ƙashinta suke zuwa, ko fankon mota ba komai a ciki. Tanki da tiyo da famfo, kamfanin da ya gina ɗakin ne ya zaɓa, shi ya ce a nan za a sa. Da shi nake.

Famfon galibi iri biyu ne. Akwai mai ƙwallo a ciki, ƙwallo mai huda a tsakiya, in ka murɗa hannunsa rubu'in zagaye sai hudar ta daidaita da bututu, ruwa ya wuce. Akwai mai harshe da ake ja ana turawa tsakanin zoben roba biyu, shi Amurkawa suka fi amfani da shi, mai inci 3 na bayan gida, mai inci 1 da rabi na ruwan wanka. Ko wanne ne, ciki da waje ake cinsa. Ta ciki akwai maiƙon abinci, wanda yake shiga da ɗumi ya sandare da ya taɓa tanki mai sanyi, ga dattin sabulu, ga gashi, ga ɓarɓashin shinkafa, ga yashin bakin teku da yara suka wanko daga ƙafa. Kudu maso gabashin Ingila ƙasar alli ce, ruwanta in ya haɗu da sabulu yakan bar wani farin ɓawo mai kama duk abin da ya taɓa. Ta waje kuma taya tana watsa masa duk abin da ke kan titi, da hunturu hukumomin hanya suna barbaɗa gishirin dutse don kada kwalta ta daskare, mai yawansa daga mahaƙar Winsford da ke Cheshire. Wannan ruwan gishiri yana shiga wuyan famfo, yana cin kusoshi da maɗaurin ƙarfe. Da yake kuma famfon yana can ciki inda hannu ba ya kai, sai a haɗa masa doguwar sanda ko waya cikin kube zuwa gefen mota. An ƙara wa tsatsa abinci ke nan.

Mu masu girki irin na gida muna da namu ƙarin kason. Manja ba ya shiri da sanyi. Duk wanda ya taɓa barin kwalbarsa a kicin a Manchester ya san sai an tsoma ta a ruwan zafi kafin ya zubo. To ka wanke tukunyar miya a motar gida cikin Nuwamba, ka yi tunanin inda jan man nan zai kwana. Ga alwalar iyali, tanki na cika da wuri, ana taɓa famfon fiye da yadda mai zane ya zata, in ma ya taɓa zaton wani abu. Shi ya sa nake goge tukunya da takarda kafin ruwa ya taɓa ta, na kuma sa 'yar raga a bakin kowace magudana. Amma ban yarda a ce miyata ce mai laifi ba. Baturen da ke soya ƙwai da man shanu a motar kusa da tawa, shi ma a durƙushe nake ganinsa.

Fushina bai tsaya a kan kamfanoni ba. Akwai mazajen da, da zarar famfo ya ƙi juyawa, sai su ɗauko filaya, ko su zura guntun bututun ƙarfe a hannunsa don ƙarin ƙarfi. Roba ce, malam, kuma roba a sanyi gautsi take ƙarawa. Sai ka ji ƙaras, hannun famfo a tafinka, famfon a rufe yadda yake, lita 90 na ruwan wari a saman kanka. Garin neman gira an rasa ido. Sai kuma 'yan feshi, waɗanda duk abin da ya ƙi motsi a duniya maganinsa a wurinsu gwangwanin man kwance tsatsa. Wannan mai dangin fetur ne, don ƙarfe aka yi shi. Zoben da ke cikin famfunan ruwa sau da yawa na wata roba ce da ake kira EPDM, mai jure ruwa da sabulu da zafi, amma in irin wannan mai ya taɓa ta sai ta sha ta kumbura. Ranar da ka fesa famfon zai saki, ka yi ta murna, bayan 'yan makonni ya cije fiye da da. Haka basilin, haka giris ɗin bakanike. Kamfanin Thetford, mai yin akwatunan bayan gida na irin waɗannan motoci, ya daɗe yana rubutawa a littafin kayansa cewa a shafa wa zobensa man silikon ko man zaitun, a guji basilin da sauran man girki. Ashe ana iya gaya wa mutum gaskiya a layi biyu. Littafin motata mai kauri ne, ya yi bayanin yadda ake kunna kowace fitila, famfon kuwa hoto ɗaya aka sa da kibiya.

Gyaran ba tsafi ba ne, haƙuri yake so. Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ja birkin hannu, tokare taya. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar tan 3 da rabi da jak kaɗai ke riƙe da ita. Fara da wanke wajen famfon da ruwan ɗumi da tsohon buroshi har ka ga asalin launinsa. Wani lokacin busasshiyar laka ce kawai ta cushe wuyansa. In yana da sanda ko waya, kwance ta ka gwada famfon shi kaɗai. Ya juya? To ciwon a wayar yake, kuma a nan ne man kwance tsatsa yake da hurumi, ƙarfe da ƙarfe, nesa da roba. In bai juya ba, ciwon na ciki ne. Tankin da ya riga ya cika maƙil sai an rage shi tukuna, ta murfin dubawa in yana da shi a sama, in babu kuwa a sassauta maɗaurin tiyo a tara bokiti, mutum ya shirya wa wankan da bai yi niyya ba. Daga nan ka zuba ruwa mai zafi ta wurin wanke-wanke da sabulun kwano mai yawa. Mai zafi na ce, ban ce tafasasshe ba, tafasasshe yana lanƙwasa tiyo ya saki mahaɗa. Ka ɗan zagaya da motar ruwan ya kaɗa a ciki, ka bar shi ya kwana. Da safe ka riƙa motsa hannun kaɗan-kaɗan, gaba, baya, kowane karo kana ƙara 'yar tazara, ɗaya hannunka riƙe da jikin famfon don kada ka murɗe shi daga tanki. In farin ɓawon nan ne, ruwan khal yana narkar da shi, amma a ɗauraye tas tsakanin magani da magani. Duk wanda ya haɗa bilic da abu mai tsami a tanki ɗaya ya haɗa iskar kulorin, magudanar kuwa a cikin ɗakin kwanansa take buɗewa. Sodar da ake buɗe lambatu da ita a bar wa lambatun gida.

Da ya saki, busar da shi, fesa silikon a wuyansa da cikin bakinsa, ka yi ta buɗewa kana rufewa har ya saba. Wanda ake iya warwarewa a warware, a wanke zoben, a shafa giris ɗin silikon irin na masu gyaran famfo, wanda ya tsage a sauya. Wanda aka haɗe shi ruf daga masana'anta kada ka ɓata Asabar ɗinka a kansa, auna faɗin tiyon ka sayi sabo. A nan ma ga wani takaicin: wata motar milimita 28, wata 32, wata 40, kowa da nasa, kuma mai 28 ɗin zai tsayar da kai a wurin zubarwa kana kallon ruwa na tsiyaya, layin motoci a bayanka. In da hali, ƙara tsawon tiyo ka kawo sabon famfon gefen mota inda hannu zai kai. Mutane da yawa sun yi haka a ƙofar gidajensu da sukudireba da maɗauri biyu, kafin la'asar sun gama. To me ya hana wanda ya karɓi kuɗin motar?

Wani zai ce duk wannan hayaniya a kan ɗan famfo? Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Birtaniya daga 1 ga Janairun 1997 zuwa yau, lasinsa na mota a kilo 3,500 ya tsaya, shi ya sa ake matse yawancin motocin nan su tsaya daidai wannan nauyi, abin da ya rage na mutane da kaya ɗan kaɗan ne. Tanki cike da ya ƙi zubuwa nauyin ƙato guda ne. In aka tare ka a ma'auni aka ga ka haura, babu jami'in da zai saurari labarin famfo. Ga wari kuma. Ruwan wanke-wanke in ya kwana biyu a rufe, ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa inda babu iska suna tayar da warin ruɓaɓɓen ƙwai, har ya fi na akwatin bayan gida tashi.

Amma babbar ɓarnar ba a kan mai mota take ba. Mutumin da ya sha wuya da famfo, ranar da ya samu ya buɗe sai ya rantse ba zai ƙara rufewa ba. Ya bar shi a buɗe ya kama hanya, ruwan kwanukansa na bin kwalta a bayansa. Wannan ƙazanta ce, kuma ba na yi wa mai yin ta uzuri. Magudanan gefen titi da yawa a Birtaniya ba sa zuwa matatar ruwan ƙazanta, kai tsaye suke faɗawa rafi, da sabulun da maiƙon duka. A Sikotland, tun bayan da aka ƙaddamar da hanyar yawon buɗe ido ta North Coast 500 a 2015, mai tsawon mil 516 da take tashi daga Inverness ta zagayo, mutanen ƙauyukan da ke bakinta suke kuka da masu motocin gida masu juye dattinsu a gefen hanya, kukan kuma ya ƙaru bayan kullen korona na 2020 da kowa ya ruga hutun cikin gida. Je ka garuruwan bakin teku ka ga shingen hana doguwar mota shiga fili, da allunan hana kwana, da harara daga mutanen da ba ka yi wa komai ba. Wasu masu juyewar rashin tarbiyya ne kawai, ko famfon zinariya ka ba su haka za su yi. Gaskiya ne kuma wuraren zubarwa sun yi ƙaranci a Birtaniya in an kwatanta da Faransa, inda ake da dubban wuraren tsayawa, da yawansu da magudanar da za ka hau kanta da mota. Duk da haka, kamfanin da ya mayar da aikin tsabta sai an kwanta a ƙasa yana da hannu a cikin ɗigon nan.

Kada kuma su ce ba su san yadda ake yi ba. Motocin da aka ƙera don masu zuwa wasan ƙanƙara a tsaunukan Alps suna da daɓe biyu, tanki da famfo a tsakani, iskar hita na ratsawa, ka buɗe 'yar ƙofa ka murɗa da yatsa biyu. Akwai masu famfon lantarki da maɓalli kusa da direba. Dabarar tana nan, an dai ajiye wa mai ƙarin kuɗi ne. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tambarin da ake liƙawa na ma'aunin Turai EN 1646-1, mataki na 3: a sa mota a ɗakin sanyi mai digiri 15 ƙasa da sifili, a kunna hita, cikinta ya kai digiri 20 a awa 4. Madalla. Mai saye ya karanta ya ɗauka motar hunturu ya saya, alhali a motoci da yawa masu wannan tambari tankin dauɗa a waje yake rataye, famfo tsirara a iska, abin ɗumama su kuma sai an biya daban. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ƙwallon famfo kuwa yakan riƙe ɗan ruwa a cikinsa in an rufe, daren sanyi ɗaya ya isa ya tsaga shi. Shi ya sa in za a ajiye mota da hunturu ake zubar da komai a bar mai ƙwallo a rabin buɗe, in kuwa ana zaune a ciki a sansani sai a bar shi buɗe a tara bokiti. Motar fam dubu 70 da bokiti a gindinta!

Da na kai ƙorafi wurin dillalin da na sayi tawa, yaron da ke kan tebur ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ai haka suke duka. Kana dai shafa masa mai?" Na ce wane man, a wane shafi aka rubuta? Ya ce zai tambayo. Ƙarar da na kawo ke nan, cewa haka suke duka, shi kuma ya miƙo mini ita a matsayin amsa. Gwajin MOT da ake yi wa mota duk shekara da zarar ta cika shekara 3 ba ruwansa da ko famfo na juyawa. Akwai duban ɗaki na shekara-shekara da kamfanoni suke sharɗantawa don garanti ya ci gaba, kai za ka biya, a rumfa ake yi, tanki wayam, yanayin da kowane famfo zai nuna halin kirki.

Doka dai ba ta yi shiru ba. A Birtaniya, Dokar Haƙƙin Masu Saye ta 2015 ta tanadi kayan da aka sayar su zama masu inganci, masu ɗorewa, su yi aikin da aka saye su dominsa, haƙƙinka kuma a wuyan wanda ya sayar maka yake, kada ya tura ka masana'anta. Lahanin da ya bayyana cikin wata 6 na farko ana ɗauka da shi aka kawo kayan, sai in dillali ya tabbatar da akasin haka. Matsalar ita ce muna jin nauyin komawa shago a kan ƙaramin abu, Turawan ma haka, kowa ya saya da kuɗinsa ya gyara a ƙofar gida, kamfani bai taɓa jin labari ba. A littafinsu famfon lafiyarsa ƙalau. Rubuta takarda, sa kwanan wata, haɗa da hoto, ka nemi a sauya a aljihunsu. Ƙungiyar Caravan and Motorhome Club, wadda aka kafa tun 1907, tana raba lambobin yabo na ƙirar motoci. Ina roƙon alƙalanta su riƙa zuwa da tabarma.

Kai kuma mai shirin saye, kafin a kawo maka kofi ka ce a nuna maka famfon. In ɗan talla ya fara waige-waige ya ce bari ya kira wani, ka lura. Sa a zuba ruwa a tankin, ka murɗa da hannunka, ka duba agogo ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya tsane. Tambayi faɗin tiyon da irin robar zoben. In famfon can ciki yake, a rubuta maka a takardar ciniki cewa za a matso da shi gefe kafin ka ɗauki mota. In sun ce ba a taɓa tambayarsu haka ba, ka ce to yau an tambaya, ka mayar da bironka aljihu sai an rubuta.